Yadda fuskar Samaru da Sabon Garin Zariya ke sauyawa

Idan dattawa suka zauna hira a Sabon Garin Zariya ko Samaru, da wuya a tashi ba a ji wani ya ce garin ba kamar da ba ne. Wani zai ce baƙi sun cika gari. Wani kuma zai ce mutanen da aka tashi tare duk sun watse. Kowannensu na da tasa gaskiyar, domin garuruwan nan biyu tun asali na masu zuwa da tafiya ne. Abin da ya sauya shi ne irin mutanen da ke zuwa, da dalilin da ke kawo su.

Garin jirgi da garin boko

Turawan Ingila sun mamaye Zazzau a 1902. Bayan ƴan shekaru layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. Jirgin ƙasa na buƙatar akawu da makanikai da birkiloli, kamfanonin sayen auduga da gyaɗa su ma haka. Yawancin masu wannan sana'a a lokacin daga Kudu suka fito, wasu ma daga Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Ghana.

Turawa ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin ganuwa ba, sai suka yanka musu fili kusa da tasha, shi ne Sabon Gari. Ƴan Arewa da ba Zagezagi ba aka tanadar musu Tudun Wada. Har yau akwai tituna a Sabon Gari masu ɗauke da sunayen garuruwan Kudu irin su Legas da Benin, shaidar waɗanda suka fara zama a wurin. Sai dai shingen bai daɗe ba. Hausawa da Nufawa da Barebari sun bi kasuwa da aikin ƙarfi sun shiga Sabon Gari tun da wuri, don kowa ya san inda ake samun na tuwo.

Samaru kuwa ilimi ne ya raya ta. Aikin binciken noma da aka faro a 1922 ya samu gindin zama a can, sai kwaleji ta biyo baya, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba, 1962. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne. Malamai sun zo daga Ingila da Indiya da Pakistan da Amurka da ƙasashen Afirka. Masinjoji da masu gadi da direbobi da masu dafa abinci kuma suka fito daga Kudancin Zariya da Filato da Binuwai da ƙasar Igala da Igbira, suka kafa gidaje a Hayin Dogo da Danraka da kewaye. Ga barikin horar da kuratan soja, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, kowace ta ja nata mutanen.

Waɗanda suka tafi

Babban girgizo na farko ya zo a 1966. Tarzomar watan Mayu da kashe-kashen Satumba da Oktoba sun sa Inyamurai barin Sabon Gari kusan baki ɗaya. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da yawa sun dawo, amma galibi kasuwanci suka kama: kayan gyaran mota, magunguna, kayan gini da na lantarki. Guraben ofis da suka bari ƴan Arewa sun riga sun cike su.

Na biyu tattalin arziki ne. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, malaman makaranta ƴan Ghana da dama suka tattara. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashin jami'a ya daina riƙe malamin da ya zo daga waje. A 1988 gwamnatin Babangida ta tasa ƙeyar Dakta Patrick Wilmot, malamin jami'ar ɗan asalin Jamaika, daga ƙasar. Sannu a hankali fararen fata da Indiyawa suka zama abin kallo a harabar da a da suke ko'ina. Jirgin ƙasa ma ya durƙushe, kwatas ɗin ma'aikatansa suka rasa masu su na asali.

Na uku tsoro ne. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya fantsamo Zariya, aka ƙona coci-coci. Na Zangon Kataf a 1992 da na bayan zaɓen 2011 su ma sun taɓa garin. Ranar 17 ga Yuni, 2012 aka kai harin bam babban cocin Katolika na Sabon Gari da wani cocin a Wusasa. Bayan kowane tashin hankali wasu iyalai kan sayar da gida su koma Kaduna ko Abuja ko garinsu, wasu kuma su matsa unguwar da masu addininsu suka fi yawa. Zariya ba ta rabu gida biyu kamar yadda kogi ya raba garin Kaduna ba, amma mai neman haya a yau yakan tambayi su wa ke zaune a layin kafin ya tambayi kuɗi.

Waɗanda ke shigowa

Duk da masu tafiya, garin cika yake ƙara yi. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke cikinta, kimanin mutum 290,000. Tun daga lokacin gonakin da suka raba Samaru da Palladan da Kwangila da Hanwa gine-gine sun cinye su. Bomo da Jama'a da Basawa da Dogarawa, waɗanda a da ƙauyuka ne, sun haɗe da gari. Komawar asibitin koyarwa Shika ta ja gari ta hanyar Funtuwa.

Masu shigowa a ƴan shekarun nan yawancinsu Hausawa da Fulani ne daga karkara. Wasu neman abinci ya kawo su: acaba, Keke Napep, ga-ruwa, leburanci. Wasu kuwa ƴan bindiga suka tarwatsa su daga Giwa da Birnin Gwari, da Sabuwa da Dandume da Faskari a Katsina, da sassan Zamfara. Ba sansani suke shiga ba. Suna raɓawa gidajen ƴan uwa da kangwaye, shi ya sa ba a ganinsu a lissafin hukuma, sai a layin rijiyar burtsatse da ajin firamare da ya cika ya batse.

Akwai kuma ɗalibai, dubun-dubata daga kowace jiha, masu zuwa da tafiya. Yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya nuna nauyinsu: masu gidajen haya da masu abinci da ƴan kasuwar Samaru duk sun ji a jikinsu.

Wani sauyin kuma ba ƙaura ba ce, narkewa ce. Jikan Bayaraben da ya zo daga Ogbomosho ko Offa, da jikan Banufe ko Igbira, a yau Hausa ce bakinsa, a Zariya aka binne kakansa. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya ga Sabon Gari ta koma Hausa zalla, wani ɓangare na abin da yake gani tsofaffin baƙi ne da suka zama ƴan gida.

Inda gizo ke saƙar

Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, wadda aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta. Saboda haka duk mai cewa ƙabila kaza ce kashi kaza a Samaru hasashe yake yi. Irin wannan hasashe shi ke zama makami a lokacin zaɓe. Illar da ta fi wannan ita ce ana tsara makaranta da asibiti da ruwan famfo bisa adadin da ya tsufa.

Sai batun takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma neman gurbin karatu da aikin gwamnatin tarayya da shiga soja duk suna tambayar wannan takarda. A 2019 gwamnatin Nasir El-Rufai ta sanar da soke bambancin ɗan asali da baƙo a Jihar Kaduna, ta koma rajistar mazauna. Sai dai hukumomin tarayya ba su sauya nasu fom ba. Yaron da aka haifa a Sabon Gari, uwarsa da ubansa ma a nan aka haife su, zai iya samun kansa yana neman takarda a garin da bai taɓa kwana ba. Wanda aka riƙe a matsayin baƙo bayan shekara 60 kuwa, shi ne farkon wanda zai ɗaure kaya idan hayaniya ta tashi.

Abin yi ba ya buƙatar jiran Abuja. Ƙaramar hukuma da masu unguwanni za su iya ƙidaya gidaje da ƴan gudun hijira a gundumomi 11 na Sabon Gari, domin a san inda ake buƙatar aji da ruwa. Jami'ar da ke da sashen nazarin ƙasa da na tsara birane tana bakin ƙofa. Masarautar Zazzau ƙarƙashin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli za ta iya mayar da zama da shugabannin Yarbawa da Inyamurai da sauran al'ummomi abin da ake yi a kai a kai, kafin wuta ta tashi. Majalisar dokokin jiha kuma ta fayyace shekara nawa mutum zai zauna a wuri ya cancanci takardar wurin.

Yawan jama'a zai ci gaba da ƙaruwa ko an shirya ko ba a shirya ba. Abin da ke hannun hukuma da mazauna shi ne ko Bahaushen da ya gudo daga Sabuwa da Inyamurin da ya gaji shagon mahaifinsa za su ci gaba da zama layi ɗaya, ko kuwa kowa zai ja nasa ya koma gefe.