Daga Tanderu zuwa Gidan Fiza: Fagen Nazarin da Manazarta Hausa Suka Yi wa Nisa

Duk wanda ya ratsa Titin Gidan Zoo a Kano bayan sallar Isha'i, ko ya bi unguwar Samaru a Zariya lokacin da ɗalibai suke gari, zai ga wani nau'in wurin cin abinci da bai yawaita ba shekaru talatin da suka wuce. Shaguna ne masu ƙofar gilashi da hasken lantarki, inda ake gasa fiza, a naɗe shawarma, a tsaga burodi a cusa masa nama da ganye. Matasa maza da mata sukan cika su, magidanta kuma sukan tsaya su yi wa iyali tsaraba. Manazarta Hausa dai sun fi kallon waɗannan wurare daga nesa, wasu da idon raini, wasu da fargabar cewa baƙin al'adu sun ci gari. Ra'ayin da ake kafawa a nan shi ne, ya kamata su shiga, su zauna, su ɗanɗana, su kuma saurara, domin harshe da al'ada suna sauya kama a can ba tare da wani ya rubuta yadda abin ke faruwa ba.

Tarihin cimar Bahaushe kansa bai goyi bayan fargabar ba. Kalmar alkama daga Larabci ta zo, haka albasa da shayi. Gurasa, wadda a yau ake ɗauka tambarin Kano, sunanta na Larabci ne, tanderun da ake gasa ta ma haka, amma ta zauna har ta bai wa unguwa suna, wato Cediyar 'Yan Gurasa. Burodi ya shigo a zamanin Turawa, ya samu mazauni a teburin mai shayi, inda ake haɗa shi da soyayyen ƙwai tun kafin a fara kiran irin wannan haɗi da wani suna na waje. Bahaushe ya daɗe yana karɓar abincin baƙi, ya lanƙwasa sunansa, ya ƙara masa yaji da ƙuli-ƙuli, har a manta asalinsa.

Idan aka ajiye fiza kusa da gurasa, za a ga kamar 'yan uwa ne da suka tashi a garuruwa daban. Dukkansu kwaɓin alkama ne mai faɗi da ake gasawa a wuta mai ƙarfi, sannan a yi masa ado. Ta birnin Nafoli na Italiya tumatir da cuku ake ɗora mata, bandashen Kano kuwa garin ƙuli da mai da albasa da yaji. Cukun ma ba baƙo ba ne, domin Abzinawa da Fulanin Nijar sun daɗe suna kawo shi kasuwannin Hausa. Bambancin yana wajen kulawa. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa fizar Nafoli cikin jerin al'adun gado na duniya, alhali matan da ke tsayuwa gaban tanderu tun asuba a cikin birnin Kano ba su samu ko kusa da irin wannan rubutu da tattara bayani ba.

Ta fuskar harshe, akwai aikin da ba ya jira. Hausa ba ta rarrabe sautin /p/ da /f/ a matsayin baƙaƙe biyu, shi ya sa ake jin fiza a bakin wasu, piza a bakin wasu, allon shago kuma yana ɗauke da rubutun Turanci. Jinsin kalmomin ya riga ya daidaita a bakin jama'a, ana cewa shawarmar nan ta yi daɗi, burodin nan ya bushe, bisa ƙa'idar da aka sani ta wasalin ƙarshe. Sunayen wasu kayan, musamman burodin da aka cusa wa nama, har yanzu suna yawo babu matsaya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen cimar zamaninsa saboda an bi gari gari an tambaya. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, kuma kasuwar abinci ta yi nisa tun daga lokacin. Idan masana ba su tattara waɗannan kalmomi yanzu ba, masu buga takardar jerin abinci ne za su yanke hukunci, kuma mafi yawansu ba da Hausa suke bugawa ba. Mai saye yakan yi magana da Hausa, mai sayarwa ya amsa da Hausa, amma abin da ke rubuce a tsakaninsu da wani harshe yake. Wannan ita ce asarar da ta fi cancantar damuwa.

Ta fuskar al'ada ma akwai abin lura. A tarbiyyar gargajiya, cin abinci a bainar jama'a ba abin yabo ba ne ga dattijo, balle ga mace, kuma teburin mai shayi da tukubar mai tsire wuraren maza ne. Sababbin shagunan sun buɗe wani fili da budurwa za ta zauna da ƙawayenta, miji ya zo da matarsa, ba tare da an ɗaga ido ba. Haka kuma, yayin da cokali da faranti suka raba masu cin tuwo kowa da nasa, fiza ta dawo da hannuwa da yawa kan faifai ɗaya. Ko wannan ci gaba ne ko koma baya, sai wanda ya zauna ya gani zai iya faɗa da hujja.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Kuɗin fiza ɗaya zai iya ciyar da gida guda na yini, don haka shagunan suna nuna ratar da ke tsakanin masu hali da talakawa. Mafi yawan alkamar da ake sarrafawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, kuma haramcin shigo da ita da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 bai ɗore ba, duk da noman rani da ake yi a wurare irin su Kadawa. Ga kuma batun maiƙo da sukari. Sai dai duk waɗannan dalilai ne na ƙara bincike. Ƙauracewar masana ba ta rage farashi, ba ta kuma hana matasa shiga.

Abin da ake bukata a sarari yake. Sassan nazarin Hausa su tura ɗalibansu waɗannan wurare da littafin rubutu, kamar yadda ake tura su wajen maƙera da majema, su tattara sunaye da salon ciniki da karin maganar da ake ƙirƙira. A haɗa binciken da na mai gurasa da mai waina da mai shayi, domin a ga wanda ke ara daga wani. Cibiyoyin harshe su ba da shawarar rubutu ɗaya ga kalmomin, su kuma taimaka wa masu shaguna su buga jerin abincinsu da Hausa. Idan aka yi haka, ɗalibin da zai buɗe ƙamus nan da shekaru hamsin zai tarar da fiza kusa da fanke da funkaso, tare da bayanin lokacin da ta shigo da kuma yadda Bahaushe ya karɓe ta.