A Bar Yaranmu Su Je Koyarwa a Nijar, Amma da Shiri

Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, na ga ya kamata in kawo ta gaban dattawanmu da iyaye.

Wanda duk yake bin hanyar Jibiya ya san ba 'yan kasuwa kaɗai ke ƙetare iyakar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi ba. Har da yaranmu masu takardar NCE ko digiri, waɗanda suka gaji da jiran aiki a gida, suna tafiya koyar da Ingilishi. Dalili a fili yake. A Nijar ana koyar da Ingilishi a makarantun sakandare, a Maraɗi kuma akwai Jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a 2013, inda ake karatu da shi. A watan Maris na 2025 gwamnatin Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Ga shi kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, albashin sefa ya ƙara kwarjini.

Wasu dattawa suna cewa a hana su. Ni ban yarda ba. Yaron da ya yi karatu ya zauna shekara uku ba aiki, zaman ya fi tafiyar haɗari. Gwamnatin Nijeriya ma tun 1987 take aika malamai da sauran ma'aikata ƙasashen waje aikin taimako na shekara biyu. Koyarwa a waje ba abin kunya ba ne.

Abin da nake ƙi shi ne tafiya ido rufe. Yaranmu suna ganin tun da Hausa ake yi a Maraɗi, ai gida ne. Gaskiya dangi ne, amma wata ƙasa ce mai dokokinta. Wani yaro daga ikkilisiyarmu ya karɓi aiki a wata makarantar kuɗi bisa alkawarin baki kawai. Wata huɗu yana koyarwa, aka biya shi biyu. Da ya so kai ƙara, ba takarda a hannunsa, ba ya kuma jin Faransancin da ake rubuta takardun ofis da shi. Haka ya dawo, kuɗin mota ma wani ɗan'uwa ne ya ba shi.

Kada mu manta da ita kanta iyakar. An rufe ta a Agusta 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Wanda ya bar mata da yara a Katsina yana cewa zai riƙa zuwa kowace Asabar, sai ya yi lissafi da wannan.

Saboda haka ga shawarata. Na ɗaya, kada yaro ya tashi sai da yarjejeniya a rubuce: nawa ne albashi, yaushe ake biya, wa zai ba da masauki. A sami mai jin Faransanci ya karanta masa kafin ya sa hannu. Na biyu, ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta gaskiya, ya bi ta ƙofa, ban da hanyar daji. Na uku, ya koyi Faransanci ko kaɗan ne, ya koyi lissafin kuɗinsu, gama a can da dala ake ƙirge, in an ce ɗari biyu, sefa dubu ake nufi. Na huɗu, dattawa su ba shi wasiƙa zuwa wata ikkilisiya a garin da za shi, domin in ciwo ko matsala ta taso, a san inda yake.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma da shiri ake yin ta. Kafin makarantun Nijar su buɗe a watan Oktoba, kowace majalisar dattawa ta kira masu niyyar tafiya, a zauna da su, a duba takardunsu. Ubangiji ya kiyaye fitarsu da shigarsu. Amin.