A loda wa lifta buhun siminti 40 kafin a yanke kintinkiri

Na san abin da mutumin Dinawa zai ce idan ya ga kan wannan rubutu: ina ruwanmu da lifta, mu da ko bene ba mu da shi a ɗakin shan magani? Yana da gaskiyarsa. Sai dai ranar da naƙuda ta yi gardama, aka wuce da mace Wurno, Wurno ta ce a kai ta Sakkwato, to ta shiga duniyar benaye ke nan. Idan ɗakin tiyata yana sama, rayuwarta ta rataya a kan wani akwatin ƙarfe da igiyoyin da babu wanda ya taɓa nuna mata takardar gwajinsu.

Ranar 1 ga Agustan 2023, lifta ta faɗo da wata matashiyar likita a benen kwanan likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Tsibirin Legas, ta rasu. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kuka da wannan na'ura, gwamnatin jihar kuma ta ce sabuwa ce fil aka kafa a 2021. Maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma nan ne abin tsoron yake. Sabunta ba ta isa shaida ba.

Abin da muka saba kira gwaji shi ne a ɗauki babban baƙo da 'yan rakiyarsa a hau sama a sauko, a tafa, a biya ɗan kwangila. Wannan yawon buɗe ido ne. Gwajin gaskiya a rubuce yake a ƙa'idar Turai mai lamba EN 81-20, wadda manyan kamfanonin lifta ke ƙera kayansu a kanta, kuma ba ya buƙatar wani sihiri.

A fara da kaya. Liftar ɗaukar gadon majinyaci, a ma'aunin ƙasa da ƙasa, akwai mai ɗaukar kilo 1,600, faɗinta mita 1.4, zurfinta mita 2.4, ƙofarta mita 1.3. Ƙa'ida ta ce a ɗora mata kashi 125 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikinta, wato kilo 2,000, buhun simintin Kalambaina 40 cif. A sake ta tana gangarowa da cikakken gudunta, a yanke wa injin wuta, a ga ko birki kaɗai zai tsayar da ita. Da irin wannan nauyin ake gwada muƙamuƙan ƙarfen da ke ƙarƙashin akwatin, waɗanda aikinsu su cafke dogon da take bi idan ta kuɓuce. Abin da ke tayar da su wata na'ura ce mai lura da gudu, wadda ba ta motsawa sai gudun ya kai aƙalla kashi 115 cikin ɗari na wanda aka ƙayyade. Ita ma sai an gwada ta, haka matashin da ke ƙasan ramin. Lifta mai waɗannan abubuwa da lafiyarsu ba ta faɗowa ko da igiya ta tsinke. Elisha Otis ya nuna haka a birnin New York a 1854, ya tsaya da kansa a kan dandamalin ya sa aka sare igiyar. Da za mu ari wannan al'ada, mu ce ɗan kwangila ya fara shiga bayan an sauke simintin, da an rage surutu.

Sai abin da ya keɓanta da asibiti. Dole ta tsaya daidai da daɓe, kuskuren kada ya wuce milimita 10. Mai lafiya zai tsallake ɗan tudu bai ma sani ba, amma wanda aka ɗinke cikinsa ɗazu zai ji shi har ƙwaƙwalwa idan tayar gado ta daka. A kawo gado na gaske, da sandar ƙarin ruwa, da tukunyar iskar numfashi, da ma'aikatan jinya biyu, a shiga a fita a kowane hawa. A sa hannu a bakin ƙofa tana rufewa, a ga ko za ta koma.

Gwajin da ya fi damuna ba na Bature ba ne, namu ne. A kashe wutar ginin gaba ɗaya lifta tana tsakanin hawa biyu, a riƙe agogo. Shin batirin ceto zai lallaɓa da ita zuwa hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa? Fitilar ciki da fanka da ƙararrawa suna aiki? Idan janareto ya ɗauka, za ta farfaɗo da kanta ko sai an nemo injiniya daga Kaduna? Wanda ya ga yadda Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 ba zai ce wannan tsirfa ce ba. Ga kuma zafi. Ita ƙa'idar ta ɗauka cewa ɗakin injin ba zai wuce digiri 40 ba, alhali Sakkwato tana haye haka a inuwa cikin watan Afrilu, balle a ɗaki mai rufin kwano a ƙolin bene. Ƙurar hunturu kuwa tana makantar da idon ƙofa. Liftar da aka gwada da sanyin safiyar Agusta ba a san halinta ba tukuna.

Za a ce wannan duk tsada ne. Buhunan nan aro za a yi a mayar. Abin da ke da tsada shi ne mai duba na'ura wanda ba yaron ɗan kwangila ba, kuma shi ne ake gudu. A Ingila, dokar 1998 ta wajabta a binciki liftar da ke ɗaukar mutane a wurin aiki duk wata 6. Mu ma mu nemi haka: takarda manne a cikin akwatin, da ranar gwaji, da sunan wanda ya sa hannu, da ranar da zai dawo, yadda ɗan rakiyar majinyaci daga Rabah ko Goronyo zai iya karantawa. A fassara ta da Hausa.

Asibitin da ya san ba zai iya riƙe wannan ba, ya bar tiyata da ɗakin haihuwa a ƙasa, ko ya gina gangaren siminti mai faɗin da gado zai juya, tun a zanen farko.