NAZARI: Itacen da ya ƙetare katanga: rigimar maƙwabta da kamfanonin kula da gidaje a Kaduna ta Arewa

Duk shekara, da iskar farkon damina ta fara kaɗawa tsakanin Afrilu da Mayu, wata rigima takan farfaɗo a unguwannin Kaduna ta Arewa. Ba ta shiga kanun labarai, amma tana cin zumunci da dukiya. Reshen darbejiya ya karye a kan kwanon maƙwabci, ko saiwar mangwaro ta tsaga katangar da gidaje biyu suka haɗa, ko jerin itatuwan da aka dasa a bakin iyaka su yi tsawo har su tare wa faifan sola rana. Wanda abin ya shafa zai je ya yi sallama, sai ya tarar ba mai gida. Akwai mai gadi, akwai 'yan haya, akwai lambar wayar kamfanin da ke karɓar kuɗin haya.

Tushen lamarin yana cikin yadda aka zana birnin. A 1917 Turawa suka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, kuma dokar tsara garuruwa ta wannan shekarar ta ware wa Turawa mazauninsu, da filin da ba a gini a cikinsa mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da sauran jama'a. Daga nan aka samo GRA: gida guda a tsakiyar makeken fili, itatuwa a kewaye, ɗan gajeren shinge a bakin iyaka. Manyan ma'aikatan Jihar Arewa suka gaje su bayan samun 'yancin kai. A irin wannan fili, itace zai yi shekara talatin yana girma bai taɓa rufin kowa ba.

Abu biyu suka sauya wannan. Na farko tsoro. Rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011, sannan satar mutane, sun mayar da gajeren shinge doguwar katangar bulo mai waya a samanta. Na biyu tsadar ƙasa. An yanka manyan filayen Unguwar Rimi, Malali da Unguwar Sarki gida-gida, an kuma sayar da gidajen gwamnati da dama ga 'yan kasuwa, lamarin da ya ƙara ƙarfi a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i. Inda dā akwai gida ɗaya, yanzu akwai benaye huɗu. Itacen da ke tsakiyar lambu a 1970 ya wayi gari a kan iyaka, shi kuwa mai benen yana Abuja ko Legas ko waje.

A nan kamfanin kula da gidaje ya shigo, kuma ya kamata a yi masa adalci. Yarjejeniyarsa da mai gida ce da 'yan haya. Maƙwabci ba ya ciki. Sassabe da datse itace kuɗi ne da za a cire daga kuɗin hidimar da 'yan haya ke biya, su kuwa 'yan hayar inuwa suke so. Idan ƙorafi ya zo, amsar da ta fi sauƙi ita ce sai an ji daga mai gida. Ba lallai ba ne ƙeta ce. Tsarin ne bai ba kamfanin dalilin gaggawa ba. Sai dai wanda ya karɓi kuɗi don kula da gida bai kamata ya zama ɗan saƙo kawai ranar da gidan ya cutar da wani ba.

Hukumomi ma kowace da iyakarta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna. KADGIS, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke riƙe da taswira da takardun mallaka, don haka za ta iya nuna inda iyaka take. KASUPDA ke ba da izinin gini, kuma katanga gini ce. Amma izini ana bayar da shi ne a kan zane, ranar da jami'i ya zo dubawa kuwa itacen bai wuce gwiwa ba. Bayan shekara shida ya zarce katangar da aka amince da ita sau biyu, ba tare da an ɗora bulo ko ɗaya ba.

Duk da haka maƙwabci bai rasa madafa ba. Dokar Ingilishi da Najeriya ta gada ta ba shi damar datse reshen da ya shigo sararin gidansa daidai kan iyaka, muddin bai taka cikin gidan wancan ba; reshen da 'ya'yan da ke jikinsa kuwa na mai itacen ne. (Yaran unguwa ba su taɓa amincewa da wannan hukunci a kan mangwaro ba.) Idan saiwa ta rusa katanga, yana iya neman diyya. Matsalar ita ce shari'a a babbar kotu takan fi kuɗin katangar tsada.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci irin ta Magajin Gari ke aiki da shi, ya daɗe da sanin wannan rigima. Ƙa'idarsa ita ce a kawar da cutarwa. Ibn al-Rami, magini ɗan Tunis na ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini: katangar haɗaka, kwatami, hayaƙi, taga da ke leƙa gidan wani. A Daular Usmaniyya ma, Alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid ya tattara irin waɗannan mas'aloli a ƙarni na 19. Amma wannan hanya, kamar ta mai unguwa, ta fi aiki tsakanin mutum biyu da suka san juna kuma suke jin kunyar juna. Kamfani ba ya zuwa masallacin unguwa, ba ya zuwa suna ko ta'aziyya.

Ingila ta sha irin wannan fama da wani itacen shinge mai saurin girma, har a dokar 2003 aka ba ƙananan hukumomi ikon sauraron ƙorafi kan shingen da ba ya zubar da ganye idan ya haura mita biyu, bayan an gwada sulhu. Abin koyi a ciki shi ne ofis guda da za a kai kuka ba tare da lauya ba. Mita biyun kuwa ba na Kaduna ba ne. Bature haske yake nema. Magidanci a Unguwar Dosa da aka gina wa bene a gefe, sau da yawa addu'arsa ita ce itatuwan su ƙara tsawo, don su ne kaɗai ke tare barandar 'yan haya daga tsakar gidan da iyalinsa ke ciki. Ƙa'idar da za ta ce a daidaita kowane shinge da katanga za ta warware ƙorafi ɗaya ta haifi wani, ta kuma ba masu gatari uzuri a birnin da zafin Maris da Afrilu ke ƙara tsananta.

Abin da ya fi kusa da hannu bai buƙatar sabuwar doka mai tsawo. KASUPDA za ta iya sanya sharaɗi a izinin kowane gidan haya mai sassa da yawa cewa a nuna tazarar itatuwa daga katanga, a kuma rubuta sunan wanda zai amsa ƙorafin maƙwabta. Ƙungiyar ƙwararrun masu kula da kadarori, NIESV, za ta iya sa datse itatuwan iyaka kafin damina cikin yarjejeniyar da mambobinta ke ƙullawa da masu gidaje, da kasafin da kamfani zai kashe ba sai ya buga waya Abuja ba. Abin da ya gagara kuma a tura shi sashen sulhu na babbar kotun jihar, inda za a iya zaunar da kamfani da maƙwabci a teburi ɗaya kafin reshe na gaba ya faɗo.