Ra'ayinmu: Wa Ya Yi Magana Da Yawun Leburan Sharaɗa?

Tun ranar 1 ga Janairu, 1 ga watan farko na 2026, sababbin dokokin haraji suka fara aiki a ƙasar nan, bayan gardamar da aka shafe watanni ana tafkawa a Majalisar Tarayya. Da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa majalisa shirin dokokin nan huɗu cikin Oktoba na 2024, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda ba, Sanata Ali Ndume na Borno kuma ya tsaya kai da fata yana suka, alhali kuwa ɗan jam'iyya mai mulki ne. Nan da nan aka laƙaba wa masu sukar sunan 'yan ɓangaranci da maƙiya ci gaba. Mu a ganinmu sun kyauta, kuma abin da ya biyo baya ya wanke su.

A duba shirin farko. An so a ɗaga harajin VAT daga kashi 7.5 cikin ɗari, hawa-hawa, har ya kai 15 a 2030, a daidai lokacin da janye tallafin mai na 2023 ya riga ya karya bayan talaka. An so a raba kashi 60 cikin ɗari na rabon jihohi bisa ga inda kuɗin ya fito, ga shi kuwa kowa ya san manyan kamfanoni a Ikko suke da hedkwata. An kuma so a yaye asusun TETFund daga harajin ribar kamfanoni nan da 2030, wanda duk ɗalibin da ya ɗaga kai ya karanta allunan da ke jikin ɗakunan lacca na Jami'ar Bayero ya san abin da wannan ke nufi. Dokar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta bar VAT a 7.5, ta bar wa TETFund rabonsa, ta kuma ce a raba kuɗin jihohi kashi 50 daidai wa daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Da kowa ya yi shiru ya ɗaga hannu, da ba a sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

To, amma fa gardamar ta gwamnoni ce, a kan tukunyar da za su ɗiba. Wanda ke hura wutar tukunyar ba a ji muryarsa ba sai nadiran. Duk wanda ya bi ta Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa, zai ga ƙofofin masaƙu da na wasu masana'antu a garƙame, ciyawa ta cinye harabar da dā dubban ma'aikata ke fitowa idan an tashi. Waɗanda suka rage, masu robobi da majemu da masu sarrafa abinci, da baƙin mai suke kwana suna tashi. Cikin Afrilu na 2024 aka ninka kuɗin lantarki na rukunin A wajen sau uku, ya koma Naira 225 kowane awo, kuma a kan wannan kuɗin ma ana ɗora VAT. Sabuwar doka ta ba mai masana'anta damar cire harajin da ya biya a kan injuna da hidimomi daga abin da zai miƙa, wannan kuwa sauƙi ne na gaske; sai dai wanda injinsa ke tsaye ba shi da abin cirewa. 'Yan hamayya na PDP da NNPP da Leba ne ya kamata su ɗauki wannan magana su yi ta nanatawa, amma galibinsu sai suka fake a bayan gwamnoni.

Haka batun albashi. An yafe haraji a kan Naira 800,000 ta farko a shekara, an yi ta shela kamar an yi wa ma'aikaci kyautar doki. Mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Ke nan ƙaramin akawu da ya ɗan gota wannan mataki ya shiga sahun masu biyan kashi 15 a kan abin da ya haura, a garin da albashin kan ƙare tun wata bai raba ba. Kano ce jihar da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, domin ana karɓarsu daga hannun wanda ba shi da shi. Abin kunya ne a ce magadan siyasar Malam Aminu Kano ba su mai da wannan iyaka ta 800,000 abin faɗa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar da hankali. Cikin Disamba na 2025, Abdussamad Dasuki, ɗan PDP daga Sakkwato, ya miƙe a Majalisar Wakilai ya ce dokar da aka buga a gazet ɗin gwamnati ta saɓa da wadda suka zartar. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, amma duk da haka aka fara aiki da dokokin a ranar da aka tsara. In har ana iya sauya kalma tsakanin zauren majalisa da maɗaba'a, to dukan waccan gardama me ta tsinana?

Jihar Kano na da wakilai 24 da sanatoci 3 a Abuja. Muna kira gare su, kowace jam'iyya suke, su nemi hukumar tara haraji ta tarayya ta riƙa buga lissafin wannan kashi 30 jiha-jiha, domin kamfanoni ne da kansu ke faɗin inda aka yi amfani da kayansu, kuma idan ba mai dubawa, kiran wayar da aka yi a Kantin Kwari zai ci gaba da shiga lissafin Ikko. Su kuma zo Sharaɗa su zauna da ƙungiyoyin ƙwadago da masu masana'antu, su ji harajin nawa ake karɓa a ƙofar kamfani guda, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kafin a kawo kasafin kuɗi na gaba.