Fazle Hasan Abed da masu rabon shinkafa

A wannan makon ma hotunan sun cika Facebook: buhunan shinkafa a jere, kekunan ɗinki ko ledarsu ba a cire ba, mata zaune a rana tun hantsi suna jiran mai girma ya iso a ɗauki hoto. Wai yaƙi da talauci ke nan. Ganin haka ne ya tuno mini da Fazle Hasan Abed, mutumin Bangaladesh da ya rasu ranar 20 ga Disamba, 2019, yana da shekara 83, bayan ya kwashe shekara 47 yana hidimar talakawa.

Akanta ne a kamfanin mai na Shell. Da aka gama yaƙin neman 'yancin ƙasarsa a 1971, sai ya sayar da gidansa na Landan ya kafa ƙungiyar BRAC a 1972 a yankin Sulla, inda 'yan gudun hijira suka dawo daga Indiya suka tarar da gidajensu sun zama kufai. Shi ma da rabon agaji ya fara. Inda ya yi wa saura fintinkau shi ne halin akanta bai bar shi ba: duk abin da ya bayar sai ya koma ya duba me ya haifar. A dubi yadda ya tunkari gudawa, wadda ke ɗauke yara a ƙauyuka kamar fari a gona. Daga 1980 ya tura mata ma'aikata gida-gida su koya wa uwa haɗa ruwan ceton rai da abin da ke ɗakin girkinta: rabin lita na ruwa, gishiri gwargwadon tsunkulen yatsa uku, da mazarƙwaila cikin tafin hannu. Bayan wasu makonni mai duba aiki zai shiga wasu daga cikin gidajen, ya yi wa uwar tambayoyi, ya sa ta haɗa a gabansa. In ta iya, albashin mai koyarwar ya yi kauri, in ta kasa ya ragu. Cikin shekara goma an shiga gida sama da miliyan 12. Wa aka taɓa rage wa kwabo a nan don tallafin da ya raba bai yi amfani ba?

Da ya lura rancen jarin da BRAC ke bayarwa ba ya kaiwa ga talaka tilis, bai ɓoye ba. A 2002 ya fito da wani tsari: a ba mace saniya ko awaki, a haɗa mata da kuɗin cefane na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta kai dabbar kasuwa, a koya mata kiwo da adashin tanadi, a riƙa leƙa ta a kai a kai har shekara biyu. An gwada tsarin a ƙasashe shida, har da Ghana, sakamakon ya fito a 2015: a galibinsu iyalai sun ci gaba da tsayawa da ƙafarsu bayan an janye hannu. A Honduras kajin da aka raba suka mutu da cuta, kuma an rubuta hakan ƙarara. Amma a nan, wanda ya miƙa wa gwauruwa keken ɗinki alhali rumbunta babu ƙwayar hatsi ya san sarai kafin Juma'a keken yana hannun dillali. Ya sani, bai damu ba ne, domin hoton da ya zo nema ya riga ya samu. Wannan cin mutuncin talaka ne da kuɗin talaka.

Za a ce mai jin yunwa ba ya jiran shekara biyu, kuma gaskiya ne, shi ya sa kuɗin cefane ke cikin tsarin tun ranar farko. Za a ce tsarin da tsada, ƙauyukanmu kuma a warwatse suke ba kamar na Bangaladesh ba. To a buɗe littafi a faɗa mana nawa aka kashe kan rumfa da kujeru da makaɗa da man ayarin motoci a rabon wannan makon, sannan a ƙirga awakin da kuɗin zai saya, da albashin 'yan matan da za su riƙa zagaya gidajen a kan babur.