Dodon Aro

Duk shekara idan watan Oktoba ya zo ƙarshe, sai rigimar Halloween ta taso mana kamar ƙurar hunturu. Bidiyo ya yi ta yawo a wayoyi: ga samari da 'yan mata a Kwatano ko Abuja ko Legas sun shafe fuska da farin alli da jan fenti, sun shiga wani gidan duhu suna ihu, sun hau lilon da ke jefa mutum sama ya juyo da shi ƙasa. Daga nan sai layin wayar shirina ya cika. Wannan ya ce ƙarshen duniya ne ya zo, wancan ya ce an gama da tarbiyya, wani ya nemi gwamnati ta rufe wuraren nan kaf. Bayan mako guda kuma kowa ya koma harkarsa, sai baɗi war haka.

'Yan uwa, ni dai ban zo kare Halloween ba, kuma ba ni da niyyar sa wa ɗana ƙoƙon kan gawa. Rigimata da masu tsinuwar nan ce, domin tsinuwarsu ba ta cin musu ko dala. Mutumin da ya zagi dodon Bature da safe, da yamma kuma ya kori yaran unguwa masu tashe daga ƙofar gidansa, bai kare al'ada ba, bai kare addini ba. Ya dai bar yaro a tsakiyar fili babu nasa babu na aro, kuma kowa ya san wanda yunwa ta kama ba ya tambayar wa ya dafa.

Bari mu fara sanin abin da muke zagi. Asalin bikin daga tsofaffin mutanen Ailan da Sikotilan ne, waɗanda ke raya daren ƙarshen kaka da shigowar sanyi. Daga baya ya haɗu da jajibirin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci, wato daren 31 ga Oktoba. Mutanen Ailan da yunwar shekarun 1840 ta kora suka tafi da shi Amurka, Amurka kuwa ta mayar da shi kasuwa, kamar yadda ta saba. Wurin shaƙatawa na Knott's a Kalifoniya ya fara daren tsoronsa a 1973, na Universal a Fulorida ya bi sahu a 1991. Ƙungiyar dillalan Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai mutanen ƙasar sun kashe wajen dala biliyan 12 a kan wannan biki. A Oktoban 2022 har a birnin Riyad an ga jama'a cikin kayan dodanni a wani bikin shaƙatawa. Saboda haka mai tunanin zagi a rediyo zai tare wannan ambaliya, bai san ƙarfin ruwan ba.

Na taɓa shiga irin gidan nan sau ɗaya a wani wurin wasa a Kwatano, lokacin da aiki ya kai ni. Kuɗin ƙofa kaɗai zai ci da ƙaramin gida kwana biyu a nan arewa. Ana shigar da ku rukuni-rukuni, ku bi wani siririn lungu mai kwana-kwana, ba ka ganin tafin hannunka. Hayaƙin inji ya turnuƙe, lasifika na kukan mata da haushin karnuka. Kana cikin lalube sai wani ƙato ya faɗo daga bayan labule da fuskar roba, ya daka maka tsawa, ya ɓace. Ƙa'idarsu ita ce ba sa taɓa kowa, kuma a kowane lungu akwai ƙofar da wanda ya kasa zai fice. Wata budurwa a gabana ta ƙanƙame ƙawarta tana kiran uwarta. Da muka fito fili, ita ce ta fi kowa dariya, har tana jan sauran su je su hau jirgin lilon nan mai hawa da gangara. A bakin ƙofa an jera kabewa an fafe mata ido da baki. Na tsaya ina kallonta ina cewa a raina, Allah sarki, a gidanmu da tuni kin shiga miyar taushe.

Dariyar yarinyar nan ita ce maganar gaba ɗaya. Masu bincike na jami'ar Aarhus a ƙasar Denmak sun ɗaura wa mutane 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan tsoro, suka fitar da sakamakon a 2020. Abin da suka gano shi ne, idan tsoron ya yi kaɗan mutum ba ya jin daɗi, idan ya yi yawa ma ba ya jin daɗi, daɗin yana tsaka-tsaki, inda zuciya ke bugawa amma hankali ya san babu abin da zai faru. To, kakanninmu mata ba su je Denmak ba, amma sun riga malaman nan sani. Tsohuwa za ta tara jikoki a tsakar gida bayan sallar isha, ta kawo musu Dodo mai cin mutane, ta ƙanƙance murya, ta yi shiru daidai inda yarinyar cikin labarin ke ɓoye a bayan randa, har ƙaramin cikinsu ya cusa kai a zanenta. Sannan Gizo ya yi wayonsa, ko ƙaramar yarinya ta yi dabara, Dodo ya sha ƙasa. Sai tsohuwa ta ce ƙurunƙus. Wannan kalma ita ce ƙofar fita. Yaro ya shiga tsoro, ya zauna a cikinsa, ya fito lafiya, ya kwana da sanin cewa abin tsoro yana da ƙarshe kuma ƙarami yana iya kayar da babba.

Sai kuma tashe, wanda ke farawa idan azumi ya kai kwana goma. Yara su yi gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su shafa gawayi ko toka, su bi gida-gida cikin dare ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Akwai Jatau Mai Magani, akwai Macukule, a Kano kuma ga Nalako da ke farautar gwagware. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da nasu irin wannan yawo na yara a watan azumi. Wanda ya ga 'ya'yan Amurkawa suna bin ƙofa-ƙofa cikin shigar dodanni suna karɓar alewa, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, to ya manta yarintarsa ne. Abin da ma zai ba ku mamaki, a Wagadugu da Bobo Julaso har yau yara na yin wani wasan azumi da fuskokin dabbobi da ake yi da ƙwarya, sunansa Dodo, kuma masana sun nuna fatake Hausawa ne suka kai shi can a ƙarni na 19. Mu ne muka fitar da dodo zuwa ƙasashen waje. Yau mu ne ke layi muna biyan kuɗi don mu ga na wasu.

Me muka yi da namu? Tatsuniya mun miƙa ta ga waya. Uwa na kallon fim, yaro na kallon nasa, kaka na gefe ba mai tambayarta komai. Dandalin unguwa an yanka shi filaye an sayar, wanda ya rage an mai da shi juji ko wurin ajiye manyan motoci. Tashe kuwa ya shiga tsaka mai wuya: wasu na ce masa bara, wasu na ce masa bidi'a, a Kano ma 'yan sanda sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Ta kowace kusurwa ana toshe wa yaro hanya, ba a buɗe masa ko taga ba. Sannan idan ya leƙa ta katangar maƙwabci mu ce ya lalace.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a iska ba sau ɗaya ba: mu mutanen bakin iyaka wane tsoro kuma za mu saya, wanda muke ciki bai ishe mu ba? Gaskiya ne, tambayar tana da nauyi. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, gadar da ta haɗa mu da Gaya ta zama abin kallo. Ko bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe, mata da goyo da buhunan albasa suka koma tsallaka Kwara a kwalekwale, a ruwan da dorina ke ciki. A yammacinmu ga gandun dajin W, inda da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon giwaye. A ranar 8 ga Janairun 2025 an kashe sojojin Benin 28 a yankin iyakar ƙasashe uku, a harin ranar 17 ga Afrilu kuma gwamnati ta tabbatar da mutuwar 54. Yaranmu suna jin waɗannan labarai. Suna ganin fuskar uba idan waya ta yi ƙara da tsakar dare daga Karimama.

Amma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Tsoron da ke kewaye da yaron Malanville ba shi da ƙurunƙus. Ba mai ce masa labari ya ƙare, tashi ka je ka kwanta. Yaron da bai taɓa sanin wani tsoro ba sai irin wannan, zai girma yana ɗaukar tsoro a matsayin ɗakin da ba shi da ƙofa. Wasan dodo shi ne inda yake koyon riƙe numfashi, da tsayawa kusa da aboki, da yi wa abin da ya firgita shi dariya. Ɗan attajirin da ke kwana cikin kwanciyar hankali a Kwatano yana sayen wannan darasi don nishaɗi. Ɗanmu ya fi shi buƙatarsa, kuma shi muka hana.

Masu maganar tsaro kuma, ina jin ku, amma ku dubi yadda masu abin suke yi idan nasu ya ɓaci. A Mayun 1984 gobara ta tashi a wani gidan tsoro na wurin wasan Six Flags a jihar New Jersey, matasa takwas suka mutu. Ba a soke wasan ba. An tsaurara dokar irin waɗannan gine-gine, aka wajabta na'urorin yayyafa ruwa da alamun hanyar fita. A Oktoban 2022 turmutsutsun daren Halloween a unguwar Itaewon ta birnin Seoul ya ci rayuka 159, aka tuhumi jami'an da suka yi sakaci. Su suna gyara abinsu ko da ya ci rai, mu kuwa ɓarawo ɗaya ya shiga cikin 'yan tashe sai mu yanke hukuncin kisa a kan al'adar gaba ɗaya. Ba a fasa randa don ƙuda ya faɗa ciki.

Malamaina kuma, da girmamawa nake magana. Kun yi daidai da kuka ce Musulmi ba ya raya bikin da tushensa wata aƙida ce. Sai dai ku ne kuka karantar da mu cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Madina ranar idi, Nana A'isha tana kallo, Manzon Allah (SAW) yana tsaye tare da ita. Wasa yana da gurbi a addinin nan. Idan akwai abin ƙi a cikin tashe, kamar cuɗanyar manyan samari da 'yan mata cikin dare ko waƙar batsa, a cire shi a bar sauran. Haramcin da bai zo da madadi ba, wa'azi ne da yaro zai saurara da kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana kan TikTok.

Su ma masu wuraren wasan da ke shigo mana da ƙwarangwal ɗin roba daga Sin, ina da magana da su. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuna zaune a ƙasar da Zangbeto da Egungun ke fitowa a titi, ƙasar da kowane Janairu Turawa ke biyan kuɗin jirgi su zo Ouidah kallo, amma dodon da kuka ga ya dace ku sayar shi ne na fim ɗin Amurka. Wannan lalaci ne na tunani. Da ɗayanku zai gina gidan da yaro zai bi ta kogon Dodo, ya ratsa dajin kura, ya fito ta hannun Gizo, da ya samu kasuwa tun daga Paraku har Maraɗi.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Hukumar gari ta keɓe fili ɗaya a kowace unguwa, ta rubuta shi a takarda yadda ba mai iya sayar da shi, a sa fitila mai aiki da hasken rana da lilo ko da na ƙarfen maƙera ne. Masu unguwanni da limamai su ɗauki tashe a hannunsu: a sa lokaci, a san iyakar shekarun masu yi, kowane rukuni da babba ɗaya a bayansa. 'Yan kasuwarmu, da ke iya cika tirela da albasa da shinkafa, su sa kyauta ga rukunin da ya fi iya shiga. Mu ma 'yan rediyo mu ba tsofaffin mata rabin sa'a a mako su zo da tatsuniyoyinsu da Hausa da Dendi da Fulatanci, mu naɗa mu ajiye tun suna raye.

Wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, idan Oktoba ta zo ya kira ni ya zagi Halloween son ransa, zan ba shi minti biyar cur. Wanda bai yi ba kuwa, ya fara gaya mana inda 'ya'yansa suke wasa. Allah ya tsare mana zuriya, ya zaunar da iyakokinmu lafiya.